Fuskar Inna a Layin Lamba

Shekarun baya, kafin wayar hannu ta iso mana, lokacin ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Zamfara ba, muna zaune a Gummi cikin wani gida mai ɗaki uku da darbejiya a tsakar gida. Ku yi haƙuri da ni, karatuna na yaƙi da jahilci ne, a hankali nake tafiya in ina rubutu.

A shekarar ne gidan ya yi mini faɗi. 'Yata ta fari an kai ta ɗakinta a Anka. Ƙannenta maza biyu suna makarantar kwana. Maigidana malamin gona ne, an mai da shi Gusau, sai bayan mako biyu yake leƙowa, wani lokaci uku. Sai in tuƙa tuwo a 'yar tukunyar da a da nake dafa miya, in ci rabi, in rufe rabi don ɗumame. Akwai ranar da na lura tun asuba ban yi magana da kowa ba sai akuya. Ita ma faɗa na yi mata.

Da maigidan ya ga haka sai ya sayo mini talabijin na hannu, ɗan ƙarami mai kala. Aka ɗaura eriya a kan dogon gora, aka jingina shi da darbejiyar. In hoton ya cika da tsaki-tsaki sai in fita in murɗa goran, in dawo in leƙa, in sake fita. Babu mai tsaya mini a ɗaki ya ce ya yi ko bai yi ba.

Cikin duk abin da suke nunawa, shiri ɗaya ne ya kama ni. Duk Asabar bayan La'asar ake sa shi. Sukan ɗauko tsofaffin hotunan majigi, waɗanda aka ɗauka tun zamanin Turawa da bayan tafiyarsu, marasa kala, duk sun yi zane-zane kamar an ja su a ƙasa. Wani mutum mai murya a natse yana bayani, jefi-jefi a sako wani tsoho ya faɗi abin da ya tuna. Wannan mako kasuwar auduga, wani mako masunta, wani mako masu shimfiɗa hanyar jirgi. Mutanen ciki bakinsu na motsi amma ba a jin abin da suke cewa. Nakan zauna ina tsintar wake ina kallonsu, in an gama in ce Allah ya jiƙan na jiƙai. Sun zama kamar maƙwabtan da ke shigo mini sau ɗaya a mako.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku wani abu. Ni 'yar fari ce. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi, amma yaran yanzu sai an yi musu bayani. Uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. An haife ni a wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum, ana yaye ni ba da jimawa ba aka kai ni Anka wurin gwaggona, can na girma. Sai da salla ko biki ake kai ni ƙauyen. In na durƙusa na gai da Inna, bango take amsa wa. In na shiga ɗaki sai ta tuna tana da tankaɗe a waje. In za ta ambace ni sai ta ce "yarinyar Anka". Ƙannena kuwa ina gani tana ɗora su a cinya tana duba musu kai.

Wadda nake ganin tana tunawa da ni a ƙauyen ita ce ƙanwar Inna, wadda muke ce wa Yafendo. Duk wanda zai zo Anka cin kasuwa sai ya kawo mini ƙullin hoce da ƙuli, ya ce in ji Yafendo. Hocen dawa ne mai ɗan tsami, gefensa ya gasu ya yi ja. Har yau ban ci irinsa ba.

Ina da kamar shekara goma sha uku Inna ta rasu, ciwon kwana uku. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba. Na san ƙeyarta. Na san gefen kuncinta na hagu da zanen Zamfarawa da ke kai. Amma in na rufe ido in ga fuskarta tana dubana, babu. Kowa ya ce mini kunya ce, ni ma na san kunya ce. Kaina ya yarda, zuciyata ce ta ƙi. Har na haifi nawa ina tambayar kaina a ɓoye: shin matar nan ta taɓa sona kuwa?

To, wata Asabar sai suka sa labarin cutar agana da yadda aka bi gari-gari ana yi wa mutane lambar rigakafi. Mu da muka manyanta duk muna da tabon a damtse. Aka nuno dogon layi ƙarƙashin wata kuka, ma'aikata da fararen kaya suna riƙe da wani abu kamar bindiga, kowa ya zo ya miƙa damtse. Mai bayani ya ce wani ƙauye ne a lardin Sakkwato na wancan lokaci. Sai ga wata mata da goyo ta iso gaba. Zanen fuskarta irin na Inna ne sak. Ta juyo da yaron gefe don a samu kafaɗarsa, ta ɗago ta dubi mai ɗaukar hoton ido cikin ido, ta yi dariya. Tana da wushirya irin tawa.

Bai fi a ƙirga goma ba aka wuce wurin, wani tsoho ya fito yana magana. Faifan wakena yana ƙasa, ban san lokacin da ya faɗi ba. Hannuna na kan tabon damtsena. Na ce Inna ce. Kuma ni ce a bayanta. Ashe ta goya ni, gaban jama'a, har tana dariya.

Da maigidan ya zo na ba shi labari. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce a hankali, "Ke kau. Lardin Sakkwato hwa anka ce, tun daga nan har Yawuri. Kuka kuma wane gari na babu ita?"

Na ce, "Ni dai na gane ta."

Ya ce, "Ke da kika ce ba ki san huskatta ba?"

Na tashi na kawo masa ruwa.

Kwana uku na yi ina rubuta wa gidan talabijin ɗin wasiƙa. Na fara da fensir, na goge, na sake, sannan na bi da biro. Abin da na ce kawai, don Allah su sake sa na lamba, ina tsammanin mahaifiyata na ciki. Maigidan ya tafi da ita ya sa a gidan waya. Amsa ba ta zo ba.

Daga nan Asabar ta zama mini wata aba. Kafin La'asar na gama aikina, na yi wanka, na ɗaura zane mai kyau, har da kwalli, kamar mai jiran baƙo. Yanzu in na tuna dariya nake yi, wa zai gan ni ta cikin gilashi? An yi suna a unguwa ranar Asabar na leƙa da safe na gudo, har mata suka fara cewa tunda aka sayo mini akwati na daina shiga mutane. Wata Asabar ɗin kuma a ɗauke wuta. Sai in zauna gaban baƙin gilashin ko za a kawo, ba na ganin kowa a ciki sai wata mata da kwalli zaune ita kaɗai a kan tabarma, har a kira Magariba.

Maƙwabciyata ta jikin katanga malamar asibiti ce, Kirista, mutuniyar kudancin Kaduna. Sista kowa ke ce mata. Ita ma ita kaɗai take, iyalinta na can gida. Wata rana ta leƙo ta ce, "Maman yara, wai me ke cikin akwatin nan ne? Ranar Asabar ko sallama aka yi ba ki amsawa."

Ban taɓa gaya wa wata mace a Gummi wannan magana ba, amma ranar na gaya mata. Ba ta yi dariya ba. Ta shiga gida ta ɗauko bidiyonta, ta haɗa da talabijin ɗina, ta ce wannan yana iya ɗauke abin da ake nunawa ya ajiye. Kaset ɗin da take da shi ɗaya ne, na bikin ƙanenta, amma ta ce akwai wurin jawabai da ba mai kallo, in ɗauka a kai. Ta yanko filasta ta manna a kan jan maɓallin. "Mai filasta za ki danna, Mama. Kada ki taɓa sauran, don Allah."

Damina ta shigo ta fita. Ana cikin yankan gero sai ga kasuwar auduga ta dawo, wadda na gani tun farko. Na fita tsakar gida ina kiran Sista ta kan katanga, na ce wasiƙata ta isa. Ta ce, "Mama, ƙarewa suka yi, suka koma farko." Na ce ko ma mene ne, Allah ya yi musu albarka. Na ƙirga da yatsu, saura mako shida a zo kan na lamba.

Da ranar ta zo akwai wuta, alhamdulillahi. Don zumuɗi tun ana karanta sanarwa na danna mai filasta, na cinye jawaban duka har na shiga cikin rawar dangin amarya. Sista ta ce ba komai, dama ba su iya rawa ba.

Makonnin da suka biyo baya ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗinsu. In akwai wuta sai in sa kaset, in kai wurin dariyar, in tsayar. Hoton yana ɗan rawa, amma tana nan tana dubana. Na ba ta labarin auren jikarta. Na gaya mata sunayen mazan da ajin da suke. Na gaya mata ƙafata ta dama na damuna in an yi sanyi. Abin da ban samu faɗa mata ba cikin shekara goma sha uku, na faɗa wa gilashi.

Saura shaida. Mutum ɗaya ta rage a duniya da za ta ce i ko a'a, ita ce Yafendo. Ta tsufa, idonta ya fara yana, ƙauyensu kuma ba wuta. Na aika mata cewa ta zo Sista ta kai ta a duba mata ido. Ba ƙarya na yi ba, an duba. Amma ni na san abin da na kira ta ta gani.

Ta zo a motar kasuwa. Bayan ta ci abinci ta yi Azahar, na shimfiɗa mata tabarma dab da akwatin, na sa kaset.

"Yafendo, ki diba da kyau. Wa kig gani?"

Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. "Mai da shi baya." Na mayar. "Ƙara." Na ƙara. Sau uku.

"Wagga mai yashe haƙora? Ban san ta ba."

"Ba Inna ba ta?"

"Uwakki? Wagga?" Ta tafa hannu. "Ke ɗiyag ga! Uwakki ba ta da wushirya, taki ta gidan ubanki ta. Kuma kukar garinmu tana da kogo, awaki ka shiga ciki. Wanga ba garinmu na ba."

Ji na yi kamar an sake aiko mini da rasuwar. Wata nawa ina sa kwalli saboda matar da ba ta san ni ba, ina ba ta labarin ciwon ƙafata. Kunya ta kama ni. Na miƙa hannu zan kashe, sai Yafendo ta riƙe mini zane.

"Tsaya, sarkin gaggawa. Ke da kika yi boko, kuma kika haihu, ba ki da ido? Wagga da kika kira uwa, ko yaron ba ita ta haihe shi ba. Goyo anka ba ta. Ga uwatai can."

"Ina?"

Ta ɗora yatsa a can gefen gilashin, inda hoton ya kusa ƙarewa. "Mai da shi baya, ki bar kallon mai dariya."

Na mayar. A gefen akwai wata yarinyar mace, rabin jikinta ma bai shigo ba. Ta lulluɓa da zane, ta kau da kai tana duban danga kamar layin bai shafe ta ba. Aka ɗora wa yaron bindigar a kafaɗa, ya wage baki, kukan da ba a ji. Sai ga hannunta ya fito daga cikin zanen. Ya tafi wajen ƙafar yaron, saura kaɗan ya taɓa, ya tsaya. Ya koma ya gyara bakin lulluɓi. Kanta bai juyo ba ko kaɗan.

Na kalli wurin nan sau ba adadi, ban taɓa ganin hannun ba.

Yafendo ta ce, "Ɗan hwari na. Ko makaho ya gani. Hakanga uwakki tay yi ranar da anka yi maki lamba. Ni nig goya ki. Tana bayana kamar ba ta san mu ba. Da kit tsala ihu hannunta yat taho, sai tat tuna da mutane, tam mai da shi. Da munka koma gida ɗaki tas shige, ko tuwo ba ta ci ba. Wai kanta ka ciwo."

Na ce da ƙyar, "To ai ko aike ba ta taɓa yi mani ba, Yafendo. Ke ɗai ka aiko mani hoce."

Ta yi dariya har da tari. "Ni? Ni da mijina yam mutu yana ƙorahin tuwona? Har yau ban iya hoce ba. Ita ka yi. Ta ƙunso shi cikin zane ta kawo mani, ta ce in an samu mai zuwa Anka. Ba ta cewa wa za a ba, ni ma ba ni tambaya. Ba ki lura da tar rasu hocen ya tsaya ba?"

Na lura. Na ɗauka hidimar 'ya'ya ce ta yi wa Yafendo yawa.

"Mi yas sa ba ki taɓa gaya mani ba?"

"Ba ki tambaya ba. Ita kuma da ta ji na hwaɗi, da ba ta ƙara yi mani magana."

Na sake duban yarinyar da ke gefen gilashi. Ƙeya, da gefen kunci. Ba Inna ba ce, ba garinmu ba ne, amma iyakar abin da na sani na Inna ke nan. Mako da makonni yana gabana, ni kuma ina can ina kallon haƙoran wata.

Muna zaune kowa na share ido, sai kaset ya faɗa cikin bikin ƙanen Sista, ga kala, ga kiɗa da ƙarfi, ga mata suna juyi. Yafendo ta zabura ta ce, "Innalillahi! Su wa na waɗanga kuma? Su ma lambar anka yi musu?" Muka yi dariya har Sista ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko lafiya.

Bayan Yafendo ta koma, gidan ya sake yin shiru, amma tunanina ya bar ƙauye ya koma Anka. Ni ban ba da 'yata riƙo ba, a gabana ta girma. Amma sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. "Ke" nake ce mata, in ina ba da labarinta in ce "babbar". Ranar da za a kai ta ɗakinta, da aka kawo ta ta yi mini sallama, madafa na shige ina kankare tukunyar da ba ta da datti. Na ɗauka ta sani. To ni na sani? Sai na hango ta a Anka, ita ma a ɗaki ita kaɗai, tana tambayar kanta abin da na yi shekara ashirin da wani abu ina tambaya.

Na jiƙa dawa, na niƙa, na kwaɓa, na bari ya kwana ya yi tsami. Washegari na gasa hoce. Bai kai na Inna ba, gefensa ma ya ɗan ƙone. Sannan na ɗauko ragowar takardar da na rubuta wa gidan talabijin. Baki ya saba da kunya tun kakanni, amma hannun nan a ajin yaƙi da jahilci ya koyi aikinsa, ba wanda ya taɓa hana shi. Na rubuta sunanta a sama. Har na waiga ko wani na gani, alhali daga ni sai akuya. A ƙasa na sa layi biyu: ina gaishe ki, hocen nan ni na yi shi, kuma ke na yi wa. Na ƙunsa, na ba direban motar Anka da ya san gidan mijinta.

Ba ta aiko da amsa ba. Da ta zo ganin gida ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa wa bango yadda na saba. Ba ta ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Sai bayan shekaru, na je mata wankan jego, ina neman kwano a cikin jerenta, na buɗe wata kwalla ta can ƙasa. Takardar na ciki, an naɗe ta a leda, wurin ninkin har ya fara yagewa don yawan buɗewa. Na mayar da murfin a hankali, na ɗauki wani kwanon.

Kaset ɗin ya daɗe da lalacewa, danshin wata damina ya cinye shi. Sista ta koma garinsu, mun rabu ba lambar waya, Allah ya sa tana lafiya. Yafendo ta rasu. Fuskar Inna dai har yau ban gani ba, kuma na daina nema. In na idar da salla nakan yi mata addu'a, in haɗa da waccan yarinyar ta gefen gilashi da ban san sunanta ko garinsu ba.

Sunan babbar kuwa har gobe ba na faɗa, a nan ma ba zan rubuta ba, sau ɗaya ya ishe mu ni da ita. Amma yanzu in jikokina suka nuna mini tsohon hoto a waya suna cewa in dubi wannan mai dariyar, sai in ce to. Ni can gefe nake dubawa, ko akwai wadda ta kau da kai.